Tsaron Lafiyar Yara A Daren Tashe

Yau maganarmu a kan tashe ce.

Kowa ya san tashe. In azumi ya kwana goma, da an sha ruwa sai ka ji unguwa ta ɗauki kiɗan gwangwani da na ƙwarya. Yara maza su yi ƙungiyarsu, 'yan mata su yi tasu, su bi gida gida suna wasa, a ba su gero ko dawa ko shinkafa, ko 'yan kuɗi. Wani ya yi shigar tsoho, da gemun auduga da sanda da ƙusumbin tsumma. Wani ya zama Macukule, an shafe masa fuska, an ɗaura masa igiya a ƙugu. Wani ya rataya jakar saiwoyi, ya ce shi ne Jatau mai magani. 'Yan mata kuwa su yi Samodara, ko su yi wa ɗayarsu shigar namiji su yi Mairama da Daudu. An ce asalin kalmar daga tashi ne, watau tashin mutane su yi sahur.

Ban zo in ce a hana ba. Ni ma na yi tashe, har yau kuma in na ji kiɗan sai na fito zaure. Wasa ne mai koya wa yaro buɗe baki gaban manya, da ladabin sallama a ƙofar gidan wani. Abin da na zo in faɗa muku shi ne, raunin da yara su ke samu cikin tashe, da dare ya ke aukuwa, amma yawanci tun da rana a ke shirya shi. Ana shirya shi sa'ad da yaro ya ke zaune bayan ɗaki yana haɗa kayansa ba wanda ya leƙa, da sa'ad da ƙungiya ta ke shawarar inda za ta bi, ba babba ko ɗaya a wurin. Uwa ko uba in ya ba da minti goma da la'asar ya duba waɗannan abubuwa biyu, ya rage haɗari mai yawa.

In ka tambayi iyaye abin da su ke tsoro, da yawa za su ce kada a ba yaro sammu ko guba cikin abinci a gidan da ba a sani ba. Wannan tsoro ba mu kaɗai mu ke da shi ba. A Amurka suna da wata al'ada mai kama da tashe, ana kiranta Halowin, ana yi ran 31 ga Oktoba. Yara su sa kayan ban tsoro ko na ban dariya, su bi gida gida da magariba a ba su alewa. Su ma sun daɗe suna tsoron alewa mai guba. Waɗanda suka bi diddigin labaran sai suka tarar da wuya a sami inda baƙo ya kashe yaro ta wannan hanya. Mota ce ta ke kashe su. An ƙididdige masu tafiya ƙasa da mota ta kashe tun daga 1975 har 2016, aka ga a yammacin Halowin sun fi na sauran yammaci da kashi 43 cikin ɗari. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa haɗarin ya riɓanya har wajen sau goma. To, mu ma a nan haka al'amarin ya ke. Abin da ya ke kawo 'yan tashe asibiti abin da mu ke gani kullum ne: wuta, da hanya, da ruwa, da kare.

Mu fara da wuta, don ita ce ta fi damuna. Kun sani azumi yana gusowa baya da kwana goma ko sha ɗaya ko wace shekara. A 2025 an ɗauka farkon Maris, a 2026 cikin Fabrairu. Watau shekarun da ke tafe tashe zai yi ta faɗowa tsakiyar hunturu, lokacin da ko wane gida akwai wutar jin ɗumi, zana da danni sun bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona shekarun baya, a wani asibiti da na yi aiki. Bayan asham aka kawo wani yaro, bai fi shekara tara ba. Shi ne tsohon ƙungiyarsu. An liƙa masa gemun auduga daga kunne har kunne, ya sauko har ƙirji. Suka shiga wani gida, ya sunkuya yana tari irin na tsofaffi don ya ba mata dariya, sai gemun ya taɓa aci-balbal da ke bisa turmi. Matan suka ce kafin su miƙe wutar ta kai gira. Yaro ya zura da gudu, iska ta daɗa hura ta. Da aka kama shi aka kashe, sai aka fasa masa ƙwai a wurin, aka bi da man goge baki. Ya rayu, amma ya yi makonni kwance, tabon kuma ya janye masa fatar wuya, har ba ya iya ɗaga kai sosai. Uwarsa ba ta ga gemun nan ba sai a asibiti.

Me ya sa auduga ta ke haka? Sabo da sagaggiyar auduga rabinta iska ce, wuta kuwa iska ta ke ci. Kyalle saƙaƙƙe yana ɗan jinkiri kafin ya kama, amma auduga sake, da busasshen ganye, da ciyawa, da takarda, ƙiftawar ido ne. Buhun leda irin na taki ko na shinkafa, da yara su ke hudawa su sa kamar riga, shi kuma nasa sharrin dabam ne. Narkewa ya ke yi ya manne wa fata, ya ci gaba da ƙuna ko bayan harshen wutar ya mutu. Haka yadin roba mai santsi. A Amurka ma sai da yara suka mutu cikin kayan wasa masu saurin kamawa kafin aka kafa dokar hana sayar da irin wannan yadi a 1953. Mu kayan tashenmu a gida a ke haɗa su, sabo da haka dokar tana hannun uwargida.

Ga abin da za ku yi. In yaro ya ce lalle sai gemu, a yanka masa daga farin kyalle mai kauri, gajere, a ɗaura da zare mai saurin tsinkewa yadda da an fizga zai fita. Kada a liƙa, balle da sholisho, wanda shi kansa wuta ya ke kamawa, ga shi yaro zai kwana yana shaƙar warinsa. Tsumma kada ya yi reto, kada ya ja ƙasa. Ƙungiya ta riƙe tocila. Aci-balbal da kyandir da bakin wuta a bar su gida. Ku kuma masu gida, in kun ji sallamar 'yan tashe, a kau da fitila da kaskon garwashi daga tsakar gida, mai tuya ta ce su tsaya nesa da kasko kafin ta ce su fara.

In ƙaddara ta faɗa wuta ta kama tufafin yaro, kada ya gudu. Ku koya masa wannan tun yau: ya tsaya, ya faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Wanda ke kusa ya lulluɓe shi da bargo ko zane mai kauri, ko ya sheƙa masa ruwa. In wuta ta mutu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi bisa ƙunar har minti 20. In ba famfo a yi da buta ko moɗa, ana cikawa ana zubawa. Na san minti 20 yana da tsawo ga uwar da ɗanta ke kuka, amma zafin yana nan cikin nama yana ci, ruwan ne ke fitar da shi. Kada a sa ƙanƙara. A lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama yaro. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kyallen da ya manne a bar shi, bororo kuma kada a fasa. Ƙwai, da man goge baki, da manja, da gishiri, da toka, da kashin shanu, duk ba magani ba ne, ƙwayoyin cuta su ke kai wa ciwo, malamin asibiti kuma sai ya kankare su kafin ya fara aiki, yaro ya sha azaba sau biyu. A rufe da kyalle wankakke. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, a kai asibiti a daren, kada a jira safiya.

Sai abin da a ke shafawa a fuska. Da can bula ce da farar ƙasa da baƙin tukunya, waɗannan kuwa in ba su shiga ido ba ba su da wata illa babba. Yanzu na ga yara suna fasa tsohon batir su kwashe baƙin cikinsa, waɗansu su shafa baƙin mai na gareji, waɗansu ragowar fenti. Abin cikin batir yana cin fata, in ya shiga ido yana iya ɓata shi. Baƙin mai da waɗansu irin fenti suna ɗauke da guba, yaro kuwa zai yi zufa, ya goge fuska da hannu, ya ci ƙosai da hannun nan. Kwalli na dutse ma, wanda mu ke ganin ba kome, an auna shi an tarar akwai dalma mai yawa cikinsa, don haka kada a lafta wa yaro shi a yi masa gashin baki ko zanen fuska. Ku da ke kusa da inda a ke haƙar zinariya a ƙasar Yauri, ku ja kunnen 'ya'yanku kada su ɗebi garin dutsen da aka niƙa su yi furfura da shi. Irin wannan ƙura ce, mai dalma, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Dalma ba ta nuna kanta nan da nan. Ƙwaƙwalwar yaro ta ke ci a hankali, sai a ga karatu ya gagara. In yara sun komo gida, a wanke fuska da sabulu kafin a kwanta. In wani abu ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, kada a murza.

Mai rufe fuska da kwali ko ƙwarya, ki sa ya sa a gabanki, Uwargida, ki tsaya gefensa ki ɗaga hannu, ki tambaye shi ko yana gani. In ba ya gani, a faɗaɗa hudar idon, a huda wurin hanci da baki. Leda kuwa ba a sa ta a kai ko kaɗan, don tana manne wa hanci ta toshe numfashi, abokansa su zaci wasa ya ke yi. Igiyar Macukule a ƙugu ta ke zama. Kada ta kusanci wuya.

Yanzu mu fita hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Yelwa ta wuce Koko da Jega, dare da rana tirela da tanka ba su yankewa a kanta. Cikin gari kuma ga 'yan kabu-kabu, waɗansu ba fitila, kowa yana sauri bayan shan ruwa. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kafin ka ƙirga ɗaya. Daga sa'ad da direba ya hangi abu har ta tsaya cik, sai ta ci fiye da mita 50, tirela mai kaya kuwa ta fi haka nesa. To, yaro gajere, mai baƙin tsumma, fuska shafe da gawayi, yaushe direba zai gan shi? Sai ya zo kansa. Shi kuma yaron kiɗa ya cika masa kunne, hankalinsa yana ga gidan da ke ƙetare.

Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta yi tashenta a gefen hanyar da gidajensu su ke, kada ta ƙetare titi sam. In ba makawa, a daina kiɗa, a cire abin rufe fuska, a taru wuri guda, babba ya duba dama da hagu, sa'an nan a ƙetare gaba ɗaya da tafiya, ba da gudu ba. Tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama su ke bi, don haka mai tafiya ƙasa ya bi gefen hagu, yana fuskantar motar da ke zuwa. Na gaba da na baya su riƙe tocila a kunne. Ko wane yaro ya sami wani farin abu a jikinsa, ko hula ko ɗankwali. Kai kuma Malam direba, da kai mai babur, daga goma ga azumi ka ɗauka ko wane lungu akwai yaro zai fito da gudu.

Maganar ruwa taku ce, mutanen bakin tafki. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe garuruwa da gonaki da kurmi, kututturan itatuwan kuwa da yawa suna nan ƙarƙashi. Da rana matuƙi ya san inda su ke, ya kauce. Da dare sai jirgi ya hau. Ga kuma wani abu: cikin hunturu ne ruwan da ya taso daga can Gini da Mali ya ke isowa, wanda a ke kira baƙin ruwa, sai tafki ya cika ko da ya ke ba a ruwan sama. Inda yaro ya saba takawa a ƙafa da bazara, a lokacin ya fi ƙarfinsa. Na ji ana cewa ɗan Sarkawa ko ɗan Gungawa ba ya nutsewa. Yana nutsewa, in dare ne, ruwa da sanyi, ga tsumma ya jiƙe ya yi nauyi, ga igiya a ƙugu, ga jakar hatsi da ba ya so ya saki.

Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayu 2021 ba, ɗauke da mutane fiye da ɗari, kaɗan suka tsira. Wannan da rana ne fa, da manya a ciki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiyar jirgi da dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar kariya. Sabo da haka kada a bar 'yan tashe su kwance kwalekwale su ce za su ƙetara wani gungu ko wata tunga don can an fi ba da hatsi. Masu jirage, ku ɗaure jiragenku da kyau, ku shigar da filafili ɗaki. Dorina ma da dare ta ke fitowa kiwo gonakin bakin ruwa, wanda ya shiga tsakaninta da ruwa kuwa ya shiga uku. A bar hanyar gaɓa, a bi ta cikin gari.

In yaro ya faɗa ruwa, 'yan'uwansa kada su bi shi. Sau da yawa haka a ke rasa biyu maimakon ɗaya. Su yi kururuwa, su miƙa masa gora ko zane, ko su jefa masa jarka wofi mai murfi. In an fid da shi ba ya numfashi, kada a ɗaga shi a kife, kada a tsaya matsa ciki wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa numfashi baki da baki sau biyar, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti.

Kare da ya san yaro da rana ba zai gane shi cikin tsumma ba, ga kiɗa ga ihu. Mai kare ya ɗaure karensa kwanakin nan. In kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan don allurar rigakafin haukan kare. Kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Wannan ciwo in ya riga ya bayyana ga mutum, kusan ba mai tashi. Ku gaya wa yara su faɗi in an cije su, ba za a doke su ba, don da yawa ɓoyewa su ke yi. Takalmi kuma tilas ne, ko silifa ne, sabo da ƙusa da fasasshiyar kwalba masu kawo cutar sarƙe haƙora, da kunama, da kububuwa mai kwanciya bisa hanya da dare. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana yaro tafiya, a ɗauke shi, a yi asibiti da shi. Wanda ke da rijiya ko ramin salga a buɗe kusa da ƙofar gida, ya rufe tun yau.

Abin da a ke ba su fa? Yaro ya sha ruwa a gida, ya ci ya ƙoshi kafin ya fita, balle wanda ya kai azumi. Abin ci da aka ba su a kawo gida uwa ta gani, a wanke hannu, sa'an nan a ci. Ba don sammu ba, don ƙura da ƙazantar hannu da abinci mai kwana. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyar kada a ba su gyaɗa ko alewa mai tauri ko dabino da ƙwallonsa suna tsalle, don yana maƙalewa a maƙogwaro. In ya maƙale yaro ya kasa tari ko kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. In bai fita ba, kuma yaron ya haura shekara ɗaya, a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau biyar, a yi ta sakewa. Ku lura kuma da ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na cikin kayan wasa masu walƙiya. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone maƙoshi cikin awa biyu, wannan na gaggawa ne ko da yaro bai nuna ciwo ba.

Hatsin da su ke tarawa kwana da kwanaki kafin a raba, a zuba shi cikin abu mai murfi. In an bar shi a ƙwarya buɗe ɓera zai yi fitsari ciki, ta nan kuwa zazzaɓin Lassa ya ke kama mutane, da rani ya fi yawa. Rani kuma lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. A watan Maris 2025 sanƙarau ya yi kisa a Gwandu da Aliero da Jega, nan cikin jiharmu. Yaro mai zazzaɓi ko tari ko ƙuraje ya zauna gida, ko ya yi kuka, don a dare ɗaya zai shiga gida ashirin, a waɗansu akwai jarirai. In zazzaɓi ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, asibiti nan take.

Saura magana mai nauyi, amma tilas in faɗa. 'Yan mata su kan shiga har cikin gida, maza su kan tsaya zaure ko dandali, kowa kuma yana ganin ai 'ya'yan unguwa ne. Ba kowa ne mutumin kirki ba, ko cikin azumi. Ku gaya wa 'ya'yanku, mata da maza, wasa a fili a ke yi, gaban jama'a. Ba a shiga ɗakin wani ko shagon samari, ba a bin wanda ya ce yarinya ɗaya ta zo ta karɓo wa sauran, ba a hawan babur ɗin kowa. Tare aka fita, tare za a komo. In yarinya ko yaro ya zo ya ce wani ya taɓa shi inda bai kamata ba, kada a rufe shi da faɗa, kada a ce a rufa asiri. A saurare shi, a kai shi asibiti da wuri, don akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki wanda ba ya aiki in an wuce awa 72. Sa'an nan a kai magana ga hukuma.

Akwai kuma ƙattin da su ke fakewa da tashe. A Kano abin ya kai har 'yan sanda suka hana tashe a 2022, suka kuma sake hanawa a bayan nan, sabo da 'yan daba suna shiga rigar wasa su yi ƙwace da sara. Ba mu so a kai ga haka a nan. Ɗan tashe ba shi da abin yi da wuƙa ko adda ko gora mai ƙarfe, ko abin fashewa na wasa. Sandar tsoho karan dawa ya isa. In ƙungiya biyu sun haɗu a lungu, ɗaya ta ba ɗaya hanya. Halin tsaro kuma kun san shi, mu da aka kwashe wa ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ran 17 ga Yuni 2021. Kada ƙungiya ta fita bayan gari ko ta nufi wani ƙauye da dare. Inda mai unguwa ko jami'an tsaro suka ce ba fitar dare, a bi maganarsu, yara su yi wasansu da la'asar, ko gidaje uku huɗu na maƙwabta su haɗu a tsakar gida ɗaya.

Duk abin da na lissafa, mutum ɗaya zai iya tsare yawancinsa, watau ɗan rakiya. Ko wace ƙungiya ta sami babba guda, wa ko ya ko ƙanen uba, mai hankali, wanda ba ya cikin wasan. Shi ke riƙe tocila, shi ke ƙirga yara in za a fita da in an fito ko wane gida, shi ke da lambar wayar iyaye. Ba sai ya tsaya kansu ba, yara ba su son haka, ya bi su daga baya kaɗan. 'Yan ƙasa da shekara bakwai su yi nasu a gidajen da ke jikin nasu, ido na ganin ido. Uba ya san unguwar da za a bi, ya yanka lokacin komowa, ƙarfe tara ko tara da rabi ya isa, don gobe akwai sahur, akwai makaranta. Masu unguwa da limamai, ina roƙonku ku yi wannan sanarwa bayan sallar asham tun azumi yana kwana bakwai ko takwas, kafin yara su gama haɗa kaya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan salla, da yadda za a tsare yara daga dawaki da turmutsutsu. A sha ruwa lafiya.